Ƙwayar Carbi Ɗaya da Ta Mai da Jini Lauje

Assalamu alaikum. Malamai, na gode da wannan dama. Ku kuma ɗalibai, ku ajiye biro tukuna, ku ara mini kunnuwanku.

Wa ya taɓa yankan shinkafa ko ciyawa da lauje? To, ku riƙe siffarsa a ranku. Ciwon da muke kira sikila, ko amosanin jini, daga laujen nan ya samo suna, don kalmar a Turance ma'anarta ke nan. A shekarar 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya ba da labarin jinin wani ɗalibi da aka duba a madubin likita, aka tarar da jajayen ƙwayoyinsa sun lanƙwashe. Me ya lanƙwasa su? Shi ne darasinmu.

Lafiyayyar jar ƙwayar jini kamar waina take, wadda aka danna tsakiyarta da yatsa ta sama da ta ƙasa. Tun tana cikin ɓargo take zubar da cibiyarta, wato ɗakin da ƙwayoyin jiki suke ajiye DNA, rubutun gadon da muke samu daga iyaye, ta cika cikinta da furotin mai suna himogulobin, wanda yake dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Tana da laushi, har takan matse ta ratsa jijiyar da ba ta kai faɗinta ba. Haka za ta yi ta kai-komo kimanin kwana 120.

Himogulobin sarƙa huɗu ce a haɗe, alfa biyu, beta biyu. Ku ɗauki sarƙar beta a matsayin carbi mai ƙwaya 146, kowace ƙwaya amino asid ce, wato tubalin da ake gina furotin da shi. Ku ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Tsaya nan! A ƙwaya ta shida, mai lafiya gulutamik asid yake da shi, mai son ruwa. Mai sikila kuwa wani amino asid mai suna balin yake da shi, shi kuma yadda kuka san mai da ruwa, haka suke, ba sa ga maciji. Da zarar himogulobin ta sauke oksijin, sai balin nan ya nemi maɓoya, ya maƙale a jikin himogulobin da ke maƙwabtaka da shi, ita ma ta maƙale a ta gaba. Kafin ka ce kwabo sun zama dogayen sanduna masu tauri, sun tokare ƙwayar daga ciki, waina ta koma lauje.

Lauje ba ya matsewa. Sai ya toshe ƙananan jijiyoyi, nama ya rasa iska, wannan shi ne azabar da take hana yaro barci. Ga shi ƙwayar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, ɓargo ya kasa cike gurbi, jini ya yi ƙaranci, ido ya yi rawaya. Kun ga dalilin da likita yake nanata a sha ruwa, a guji sanyi, a yi maganin zazzaɓi da wuri. Ni dai yana ba ni haushi in ji ana cewa mayu ne suka kama yaron.

Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa larurar tana cikin himogulobin kanta, Vernon Ingram kuma ya gano inda musanyar take a 1956. A DNA, a kan ƙunshinsa da ake kira kuromosom na 11, harafi ɗaya ne tak ya canza: GAG ya zama GTG. Wanda ya gaji wannan canji daga uwa da uba duka shi ne SS, mai sikila; wanda ya gaje shi daga ɗayansu kawai AS ne; wanda bai gaje shi ba kuma AA.

Na ga hannu a baya. Eh, 'yata? Tana tambaya, idan AS ya auri AS suka haifi SS ɗaya, sauran uku sun tsira? A'a. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya cikin huɗu, jini ba ya tuna abin da ya faru bara. Shi ya sa ake gwaji kafin ɗaurin aure.

Amma me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? Sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi masu AA jure zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar a cikin jar ƙwayar jini take yaɗuwa, kuma ta mai AS ba ta yi mata daɗin zama, saifa takan tsince ta da wuri. Yaran AS suka fi rayuwa, suka girma, suka hayayyafa, harafin ya yi ta bin zuriya har ya iso gare mu.

An yi kiran salla. In mun dawo, za mu leƙa madubin.