Tarin Fuka Ya Warke, Amma Wuyana Ya Ƙi Juyawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Delhi. Da yawanku kun tambaye ni me ya sa idan zan dubi gefe nake juyowa da kafaɗu gaba ɗaya. To, ga dalilin.

Tarin fuka ne ya kama ni a ƙashin wuya, alhali ko tari ban yi ba. Ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a ƙashin gadon baya, ta ci ƙashin, ta ci guringuntsin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. Tun 1779 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan ciwo. Galibi tsakiyar baya da ƙugu yake kamawa, shi ke kawo doro. Na wuya bai cika yawa ba, amma haɗarinsa babba ne, domin idan ƙashi ya rufta ko ruwan ƙurji ya danne laka, hannuwa da ƙafafu na iya shanyewa.

Ciwon wuya na fara yi, sai zazzaɓin yamma, gumin dare da rama. A gida aka ce sanyi ne, aka yi ta tausa da shafe-shafe. Sai da aka ɗauki hoton MRI a nan aka ga ɓarnar. Likitocin Indiya sun saba da wannan ciwo, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu tarin fuka a duniya a ƙasar nan suke.

Magani kala huɗu ake farawa da shi na wata 2, sannan a ci gaba har wata 9 zuwa 12. Ɗaya daga cikinsu, Rifampicin, kan mayar da fitsari jaja-jaja, kada wannan ya tsorata ku. Amma ku ji ni da kyau: magani ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya mayar da abin da ta riga ta cinye. Yayin warkewa, gaɓoɓin da suka lalace kan manne su zama ɗaya. Gaɓa ta farko da ta biyu a saman wuya kuwa su ke ɗauke da kusan rabin waiwayen mutum. Wallahi ban san girman wannan ni'ima ba sai da na zo yin sallama a salla, kai ya tsaya a rabin hanya. Tsallaka titi a garin nan ma sai da dabara.

Gashin ƙashi na taimaka mini sosai, tsokar ta saki, raɗaɗin ya ragu, kodayake ƙashin da ya manne ya manne. Don Allah kada ku bari wani ya murɗa ko ya ja wuyan da ke irin wannan ciwo. A Najeriya maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, saboda haka wanda baya ko wuyansa ya daɗe yana ciwo, ga rama da gumin dare, ya je a gwada shi.

A bidiyo na gaba zan nuna muku atisayen da nake yi kowace safiya, in sha Allah.