Yadda Gidajen Tarihi Ke Ba Juna Aron Kaya

A watan Yulin 2025 aka sanar cewa Faransa za ta kai ƙyallen Bayeux birnin Landan. Tsohon ƙyalle ne da ake ajiyewa a garin Bayeux na Faransa, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa surfani da labarin yaƙin 1066, lokacin da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila. Wani zai iya tambaya: sayarwa aka yi, ko kyauta aka ba Ingila? Aro ne, daga Satumbar 2026 zuwa Yulin 2027, kuma Ingila ma za ta tura wa Faransa nata kayan, irin kayan tarihin da aka tono a tsohuwar maƙabartar Sutton Hoo.

Ku riƙe kalmar nan, aro. Wanda ya ci rance zai iya biya da wani kuɗin daban. Mai aro kuwa, abin da ya karɓa shi zai mayar, kuma yadda ya karɓe shi. To, duk wahalar aikin a nan take.

Bari mu bi farkon da sauri. Ana rubuta wasiƙar neman aro, sau da yawa shekaru kafin ranar baje koli. Mai nema ya bayyana komai game da gininsa: zafi, danshi, masu gadi, kayan kashe gobara. A ƙera wa kowane abu akwatinsa daidai jikinsa. A yi inshorar da ake kira "daga ƙusa zuwa ƙusa", wato tun daga sauke shi a bangon gidansu har a sake rataye shi. Da yake kuɗin na da nauyi, gwamnatoci kan tsaya a matsayin masu lamuni: Amurka tun 1975, Birtaniya tun 1980.

Yanzu mu tsaya a nan. Ga akwati ya iso, an shigo da shi, kuma babu wanda ya taɓa shi. Haka za a bar shi a rufe, yawanci awa 24, don abin da ke ciki ya saba da iskar sabon ɗaki a hankali. Itace da fata da yadi suna shan danshi su kumbura, su bushe su tsuke. In an yi gaggawa, fenti ya tsage.

Washegari sai mutum biyu su tsaya a kansa. Ɗaya ɗan rakiya ne, ma'aikacin gidan da ya ba da aro, wanda ya biyo akwatin a mota da jirgin kaya. Ɗayan masanin adana kaya ne na masu masauki. Ku dubi takardar da ke hannunsu. Kafin a taso, an ɗauki hoton kowane tabo, kowace tsaga, kowane zaren da ya saki, an rubuta. Da tocila da gilashin ƙara girma za su bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan karcen tsoho ne ko na hanya? Sai sun yarda su biyun, sannan su sa hannu. Daga wannan sa hannun, amana ta koma wuyan mai masauki, amma mallaka tana nan wurin mai ita.

Ni dai wannan wurin ne ya fi burge ni. Ƙasashe biyu sun ƙulla yarjejeniya, shugabanni sun gaisa, amma sai mutum biyu masu safar hannu sun amince kafin a buɗe ƙofa.

In baje kolin mai zagaye ne, kowane zango sai an maimaita wannan binciken, shiga da fita. Gidajen kan raba kuɗin jigila tsakaninsu, shi ya sa ƙaramin gida ke samun abin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. A Amurka, cibiyar Smithsonian na zagayawa da baje koli cikin ƙasa tun 1952. A 1972 kuwa, kayan Fir'auna Tutankhamun guda 50 da Masar ta ba da aro sun ja mutum sama da miliyan 1.6 a Landan, ribar kuma ta tafi wajen ceto tsoffin gine-ginen ibada na tsibirin Philae a Masar daga ruwan Nilu.

Duhun ɗakin baje kolin ma yana cikin yarjejeniya. Haske yana kodar da yadi da takarda, kuma launin da ya kode ba ya dawowa, don haka mai ba da aro ne ke ƙayyade ƙarfin fitila da yawan watannin da kayansa za su yi a ƙarƙashinta.