Kwalin Farko: Wanda Ya Buɗe Shi Ba Shi da Malami

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Yau maganarmu kan kwalin 'yan koyo ce, wato kwalin farko da ake saya don koyon wasan tebur irin su Dungeons & Dragons. Bari in fara da bayanin wasan kansa, don na hango fuskokin da ba su taɓa zama a kansa ba. Ku ɗauka tatsuniya ce, amma wadda ba baki ɗaya ke bayar da ita ba. Mutum huɗu ko biyar ne a zagaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi zai ce muku ga daji, ga kogo, ga wani abu yana motsi a cikin duhu. Sauran kowa yana da jaruminsa. Ka ce, "Zan tsallake ramin nan." Jagora ya ce ka jefa ɗan ludo. In lamba ta yi kyau ka haye, in ba ta yi ba sai ka ji ka a ƙasa. Shi ke nan wasan.

Uban wannan harka shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR. Ƙananan littattafai uku ne a kwali, kuma an rubuta su ne don mutanen da suka riga suka saba da wasan yaƙi na 'yan sojojin roba da na darma. In ka zo kan dokar faɗa ma, sai su tura ka wani littafin daban mai suna Chainmail. Yawancin waɗanda suka iya wasan a lokacin a wajen wani suka koya, baki da baki.

Nan matsalar take, 'yan uwa, kuma a kanta zan tsaya yau. Duk mai ƙera kwalin 'yan koyo yana tunanin 'yan wasa. Ni kuwa na ce ku yi tunanin mutum ɗaya: wanda ya sayi kwalin, ya zauna shi kaɗai da daddare ya buɗe, kuma gobe shi zai jagoranci abokansa alhali bai taɓa ganin yadda ake yi ba. Ɗan wasa yana da wanda zai tambaya. Shi jagoran fa, wa zai tambaya?

A 1977 wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, J. Eric Holmes, ya tace dokokin ya mayar da su ɗan littafi guda da ke kai jarumi daga mataki na 1 zuwa na 3 na ƙwarewa. Akwai ma lokacin da 'ya'yan ludon suka yi wa kamfanin ƙaranci, aka riƙa sa takarda mai lambobi a kwalin, ka yanka ka zuba a kofi ka riƙa zara. Tom Moldvay ya sake gyara a 1981. Amma wanda ya fi burge ni shi ne jan kwalin Frank Mentzer na 1983.

Ka buɗe littafin, ba doka za ka tarar ba. Labari ne, kuma kai ne a ciki: mayaƙi a bakin kogo. Kana tafiya ana koya maka. Sai faɗa ya zo kafin a gaya maka yadda ake kai sara, sai an ji maka ciwo kafin a bayyana maka ma'anar makin rai, wato lambar da ke nuna yawan ciwon da jarumi zai iya jurewa. Ka haɗu da wata mai warkarwa, Aleena, ta taimake ka, kuka ci gaba tare, sai mugun matsafi Bargle ya kashe ta. Har yau akwai dattawa masu furfura da ba su yafe wa Bargle ba! Kafin ka rufe littafin ka riga ka buga wasan kai kaɗai, ka ji daɗinsa da ɗacinsa, don haka gobe ka san abin da kake ƙoƙarin bai wa abokanka. Kamfanin Paizo ya bi wannan hanya a kwalin wasansa Pathfinder na 2011, kamfanin Chaosium ma haka a na wasansa Call of Cthulhu a 2019.

Kwalin Dungeons & Dragons na kamfanin Wizards of the Coast na 2014 wata hanyar ya ɗauka. Dokoki shafi 32 kacal, maimakon babban littafi mai shafi sama da 300, labari shafi 64, da jarumai biyar da aka riga aka cike takardunsu. Wannan rage kaya ne mai kyau. Amma ina da ƙorafi. Faɗan farko kwanton ɓauna ne na ƙananan dodanni huɗu da ake kira goblin, kuma jarumin mataki na 1, musamman matsafi, kibiya biyu na iya kwantar da shi. Gogaggen jagora ya san yadda zai sassauta hannu. Sabon shiga bin takarda yake yi sau da ƙafa. Yarinya ta zauna karo na farko, minti ashirin jarumarta na kwance, tana kallon wasu suna wasa. Kuna jin za ta dawo mako mai zuwa?

Sai batun 'ya'yan ludo, wanda ake rainawa. Mu mai fuska shida muka sani. A nan akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Na taɓa gwada wani ɗan kwali da na haɗa, na miƙa wa matasa huɗu, na koma gefe na kama bakina. Wallahi sun shafe kusan rabin sa'a suna jefa mai fuska 12 a matsayin mai 20, suna mamakin yadda saransu ba ya samu. Laifina ne, suna na rubuta ban zana hoto ba. Kwalin Pathfinder na 2020 kowane ɗan ludo da launinsa, sai kawai a ce ɗauko mai launi kaza. Kuma gwajin nan na kama baki, ku yi shi. Zai yi muku ciwo, harshenku zai yi ta ƙaiƙayi, amma duk inda kuka ji kuna son tsoma baki, to a nan rubutunku ya gaza.

Na ga hannu. Na'am, malama?

Tambayarta ita ce, in an ba mutum jarumi a shirye, ba a hana shi daɗin ƙirƙirar nasa ba? An hana shi, gaskiya ne, amma na dare ɗaya. Wanda bai taɓa jefa ɗan ludon ba, in ka ce ya zaɓi tsakanin ƙarfi da hikima, zaɓen makaho zai yi. Abin da nake yi shi ne in cike lambobin duka, in bar gurbi biyu a saman takardar: sunan jarumin, da abin da ya fi tsoro a duniya. Waɗannan shi zai rubuta da hannunsa.