Sharhi: Jirgin da ya tarwatse a samaniyar Legas

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya saba tsayawa wajen masu baza tsofaffin littattafai a Yaba ko Ojuelegba a Legas ya san irinsu: bango mai sheƙi, hoton jirgin yaƙi, kuɗi kuma ba sauƙi. Littattafan tarihin yaƙin sama ke nan. Da me za a gane na ƙwarai a cikinsu?

Bari mu fara daga ƙofar gida. Ranar 7 ga Oktoba 1967, lokacin yaƙin basasar Nijeriya, cikin dare, wani jirgi ƙirar Fokker F27 ya tarwatse a samaniyar Legas, wajajen Ikoyi, duk mutanen cikinsa suka mutu. Asalinsa jirgin fasinja ne na Nigeria Airways da aka karkatar zuwa Inugu a watan Afrilu, 'yan Biyafara suka mai da shi na jefa bam. Wani marubuci zai ce maka bindigar kakkaɓo jirage ce ta same shi. Wani ya ce a'a, bam ɗin da suka ɗauko ne ya tashi da su. To, a nan nake auna littafi. Na ƙwarai zai kawo maka ruwayoyin biyu, ya faɗi daga bakin wa ya ji kowacce. Na banza zai ɗauki wadda ta fi daɗin ji ya wuce.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. Ranar 15 ga Satumba 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta yi shelar ta kakkaɓo jiragen Jamus 185. Da aka buɗe takardun Jamusawa bayan yaƙi, sai ga shi kusan 60 ne. Ba lallai ƙarya matuƙan suka shirga ba. Mutum na tsala gudu, ga hayaƙi, ga tsoro, mutum uku su harbi jirgi ɗaya, kowa ya sauka yana cewa nasa ne. Marubucin da ya kwafe lissafin matuƙi bai leƙa kundin abokin gaba ba, tatsuniya ya sayar maka da kuɗin littafi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ake ba wa fili. Za ka sha labarin Jan Zumbach, ɗan Foland da ya tuƙa wa Biyafara jirgin jefa bam ƙirar B-26, da Carl Gustaf von Rosen, ɗan Suwidin da ya zo da 'yan ƙananan jirage biyar ya far wa filin jirgin Fatakwal ranar 22 ga Mayu 1969. Za a faɗa maka lambar kowane jirgi, har launin fentinsa. Gaskiya a wannan fannin Turawan sun yi aiki, ba a raina musu. Amma Kanar Shittu Alao, wanda ya ja ragamar rundunar sojin saman Nijeriya cikin yaƙin har ya rasu a hatsarin jirgi a 1969, shafi nawa yake samu? Makanikan da suka kwana suna harhaɗa jiragen yaƙi ƙirar MiG-17 a Kano fa? Balle matan kasuwa da bam ya sauko wa.

Haka ma a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙin Ingila a Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su tsallaka Sudan zuwa Masar. Dubbai ne suka bi hanyar. Leburorin da suka share filayen saukar, sai dai ka hango su a bayan hoto.

Yaron da ke da shekara goma daren da Fokker ɗin ya fashe, yau ya doshi saba'in. Irinsu suna nan a Obalende, za ka same su zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ɗalibanmu na tarihi da ke Jami'ar Legas a Akoka, mota biyu ce tsakaninku da su, kuma wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya.