Toka ba ya yarda a ɗauke shi, amma sai na duba lafiyarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya daga Aboabo, nan cikin Kumasi. Kun gan ni zaune dirshan a kan tabarma, to da dalili. Yanzu ƙarfe shida da 'yan mintuna, masu koko da ƙosai sun fara fitowa bakin titi, rana ba ta buɗe ba tukuna. Zomo ya fi sakewa a irin wannan lokaci, da sassafe ko dab da magariba. Waccan farar da ke cin harawa ita ce Auduga, mai sanyin hali. Wancan kuma da ya laɓe a bayan bokiti yana leƙo mu da ido ɗaya, shi ne Toka, kuma saboda shi na kunna waya yau. Watansa bakwai a gidan nan, har gobe ba ya son ƙafarsa ta bar ƙasa. Yau ranar duba lafiyarsa ce, ga farata sun yi zaƙo-zaƙo, sai ku ga yadda muke ƙarewa da shi.

Bari in fara da abin da ya koya mini zama a ƙasa, domin ba da daɗi na koya ba. Shekara biyu da suka wuce muna da wani zomo ja, 'yata Ummi ta sa masa suna Goje. Na ga yana yawan kaɗa kai, sai na ce bari in duba kunnensa. Yadda na taso na ga ana yi a Zariya, haka na yi: na kama kunnuwan biyu na ɗaga shi sama ina tsaye. Ya yi wani irin harbi da ƙafafun baya, sau biyu, ya suɓuce ya faɗi a siminti. Da ya tashi tafiya sai na ga yana jan ƙafafun baya a ƙasa kamar tsumma. Likitan dabbobi ya taɓa bayansa ya ce ƙashin ya karye daga wajen ƙugu, kuma mai yiwuwa tun yana hannuna ya karye, kafin ma ya kai ƙasa. Da yamma Baba mai gidanmu ya yanka shi don kada ya ci gaba da wahala. A ɗakinmu ba wanda ya iya kai naman baki, maƙwabta muka ba. Ummi ta kwana biyu ba ta yi mini magana sosai ba, kuma ban ga laifinta ba.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Ƙasusuwan zomo ba su da nauyi, ba su kai kashi goma cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma cinyoyinsa na baya ƙarfi gare su kamar me. Idan ya yi harbi a iska, ba abin da ya tokare masa ƙugu, ƙarfin kansa ne ke karya masa baya. Kunnen kuwa ba maɗauki ba ne. Cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake rage zafin jikinsa tunda ba ya gumi irin namu. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kam tun ranar nan nake jin karin maganar nan a ƙirjina.

Kuma ku daina cewa zomonku taurin kai gare shi. Tsoro ne. Zomon gida asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, mai haƙa rami ne, dabba ce da kowa ke farauta. A duniyarsa ba abin da ke ɗaga shi sama sai shaho ko wani mai shirin cinye shi. Hannunki da ya sauko daga sama, a wurinsa ba shi da maraba da faratan shirwa. Kyanwa takan ɗauki 'ya'yanta a baki, zomanya ba ta yin haka, saboda haka ko a jarirai bai san ɗauka ba. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa har da sama, amma daidai gaban hancinsa akwai inda ba ya gani. Shi ya sa in kin miƙo hannu ta nan sai ya zabura. Ta gefe ake zuwar masa.

Baba yana zaune can a inuwa yana jin mu. Shi tsohon mai kiwon zomo ne, dabbar da Asantawa ke kira adanko. Yakan ba mu labarin 1972, zamanin mulkin Acheampong, da aka kawo shirin Operation Feed Yourself don ƙasa ta ciyar da kanta, aka kafa gonar zomaye ta ƙasa a Kwabenya kusa da Akra, ana ta kiran mutane su yi kiwo a bayan gida don samun nama. Ranar da ya fara ganina zaune a ƙasa ina lallashin Toka, cewa ya yi, “Maman Ummi, ba ni shi nan in riƙe miki, minti ɗaya an gama.” Na ce, “Baba, a yi haƙuri a bar shi, ni zan bi shi a hankali.” Ya girgiza kai ya koma wurinsa. Yanzu shi ne yake tsinko mini ganyen dankali in zai dawo daga masallaci.

To ga yadda na yi da Toka. Wajen mako uku ban ɗauke shi ko sau ɗaya ba. Kullum da yamma in zo in zauna a nan, in ajiye ganye kusa da gwiwata, in yi kamar ban san da shi ba. Da fari buga ƙafa yake yi a ƙasa, dum, ya ruga cikin kwali. Daga baya ya fara zuwa yana shinshina bakin zanena. Sai na fara shafa goshinsa da yatsa biyu, daga nan zuwa bayan kunne, daga nan kafaɗa. Da ya saba, sai in zura hannu ƙarƙashin ƙirjinsa in cire ba tare da na ɗaga ba, in ba shi ɗan guntun ayaba da bai wuce girman farcen babban yatsa ba. Abu ɗaya da ban taɓa yi ba shi ne bin sa da gudu a tsakar gida. In kika kore shi sau ɗaya kika kama, aikin mako guda ya rushe.

Ga shi nan ya taho. Ku lura ban miƙa hannu ba, shi ya zo.

Yawancin dubawar nan ba ta bukatar ɗauka sam, wannan shi ne abin da na so a ce na sani tun lokacin Goje. Yana cin ganye ina kallon idonsa: garau, ba kwantsa, ba hawaye. Hanci a bushe. Ku duba cikin ƙafafunsa na gaba, nan wurin, domin da su yake share hanci, in yana mura za ki ga gashin ya dunƙule ya yi ɗanko. Yanzu kunne. Ina buɗe shi a hankali da yatsa, in haska tocilar waya. Tsaf yake, ja-ja mai haske. In kika ga ɓawo mai ruwan ƙasa ya taru a ciki yana ta susa, ƙananan ƙwari ne ke cin kunnen. Kada ki ɓanɓare ɓawon, ciwo ne ɗanye a ƙasansa. Likita zai ba da magani irin su Ivermectin, ɓawon ya zube da kansa.

Sai haƙora, kuma a nan nake son ku ba ni hankalinku. Zomo haƙora 28 gare shi, kuma duk tsawon rayuwarsa ba sa daina tsiro. Na gaban nan kan ƙaru da wajen milimita biyu a mako. Tauna ciyawa ce ke goge su, shi ya sa nake cika musu harawar gyaɗa da ciyawa, dusa kuwa kaɗan. Ku ga yadda nake ɗaga leɓensa daga gefe: na sama sun ɗan hau kan na ƙasa, a jere, ba wanda ya karkace. Na ciki ba za ki iya gani a gida ba, kada ma ki gwada tura masa wani abu a baki. Alama za ki nema. Ki shafa haɓarsa ki ji ko a jiƙe take da yawu, ki bi muƙamuƙinsa da yatsa ki ji ko akwai ƙullutu, ki lura ko yana ɗaukar abinci yana zubarwa. Nasa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kashinsa ma kullum da safe nake dubawa kafin in share. Ga na yau, dunƙule-dunƙule, busassu, girmansu ɗaya. In suka ƙanƙance ko suka ragu, cikin ya fara tsayawa. Zomo ba ya iya amai, kuma yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa. In ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ya takure wuri ɗaya yana cizon haƙora da ƙara, wannan ba abin a bari sai gobe ba ne, a nufi likita. Akwai kuma wani kashi mai laushi kamar curin inabi da yake yi ya cinye abinsa, wannan halittarsa ce, yana samun amfani a ciki.

Yanzu mun zo inda dole sai an riƙe shi: ƙasan jikinsa da farata. Ummi, zo ki zauna kusa da ni, kawo tawul ɗin. Na shimfiɗa shi a kan cinyata, ina zaune a ƙasa, ko ya ƙwace ba inda zai faɗo. Kada ki yi wannan a kan tayil ko tebur mai santsi, in ƙafarsa ta zame hankalinsa tashi yake. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, bayan ƙafafun gaba, ɗayan ya tallafi ɗuwawunsa gaba ɗaya. Bismillah. Na manna shi da jikina, na sa kansa ya shige lungun gwiwar hannuna, duhun nan yana kwantar masa da hankali. Ina jin zuciyarsa a tafin hannuna, fat-fat-fat kamar za ta fito. Sannu Toka, sannu. Na naɗe shi da tawul kamar yadda ake naɗe jariri, kai kawai a waje, ban rufe hanci ba, domin ta hanci kaɗai yake numfashi.

Na ɗan ɗaga bayansa Ummi ta leƙa. Ƙarƙashin wutsiya a bushe, ba kashi a manne. Wannan wurin kada ku yi wasa da shi a garin nan, musamman da damina. In ya jiƙe ya yi ƙazanta, ƙuda na yin ƙwai a kai, cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin naman. In kin ga datti, ki goge wurin kaɗai da tsumma mai ɗumi ki busar, ba a yi wa zomo wanka. Tafin ƙafarsa na baya ma gashi ya rufe shi, bai ƙwaile ba. Masu keji mai ƙasan waya, ku sa musu katako ko tabarma inda za su huta.

Farata 18 ne, biyar-biyar a gaba, huɗu-huɗu a baya. Ina zaro ƙafa ɗaya daga cikin tawul, Ummi ta haska tocila ta bayan farcen, kun ga jan nan a ciki? Jijiya ce, sai a bar ɗan tazara a yanke tsinin kawai. Ga garin masara na ajiye a murfi, in an yi kuskure jini ya fito sai a danna a kai. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Kun ga ya fara mutsu-mutsu, numfashinsa ya ƙaru. Ba zan matse shi ba, kuma ba zan sake shi daga sama ba. Na gama ƙafar nan ɗaya, sauran sai gobe. Akwai masu kwantar da zomo rigingine, ya sandare shiru, su ce ya ji daɗi har ya yi barci. Wallahi ba barci ba ne. Tsananin tsoro ne ke sa shi ya yi kamar ya mutu, ko mai farautar zai sake shi. Ni ba na yi, gara in yi kwana huɗu ina yankan farata.

Wajen saukewa ma a kula, nan ne suke yin tsalle da zarar sun hango ƙasa. Ɗuwawu nake fara ajiyewa, fuskarsa na kallona, sannan in zare hannu. Ga ayabarka. Kun ga ya juya mini baya yana karkaɗe ƙafa, fushi yake, amma ya karɓa.

Sai maganar magani, don na ga ana yi a unguwa. Kada ki ɗauki Amoxicillin na yara ki ɗura wa zomo, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawo ya kashe shi. Maganin ƙuma na karnuka irin Frontline shi ma guba ne a gare shi. In za ki asibiti, ki tambaya tukuna ko likitan ya saba da zomaye. Jami'ar KNUST a nan Kumasi tana da makarantar likitancin dabbobi, ana iya neman shawara ta can. Ki tafi da sassafe, a kwando mai iska da tawul a ƙasa, kada ki cusa shi cikin trotro, wato ƙaramar motar haya, da tsakar rana. Zafi in ya kai digiri 30 yana galabaitar da su, a watan Fabrairu da Maris gorar ruwa nake daskararwa a firji in naɗe da tsumma in ajiye musu su jingina.

Saura awo. Ba na ɗaukarsa don wannan, ganye nake sakawa a kwando ya shiga da ƙafarsa, in ɗora kwandon a sikeli, in rubuta a littafin nan duk wata. Amma yanzu ya koma bayan bokitinsa yana lasar ƙafar da muka yanke, ba zan tashe shi ba, sai da yamma in sha Allahu. Ummi, ɗauko tsintsiya, ki zuba wa Auduga ruwa kafin ki sa kayan makaranta. Baba, a gafarce mu, mun cika tsakar gida da harawa.