Zuma a Kan Allo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata da ke can baya wajen tukwane, ƙamshi ya iso mana, sannunku da aiki.

An ba ni minti goma kan tarbiyyar yaranmu a nan Landan. Siyasar Gabas ta Tsakiya kowa ya san inda zuciyarsa take, a bar ta a bakin ƙofa yau. Labarin wani yaro Bayahude zan ba ku.

Ubansa abokin aikina ne a wani kantin magani da ke Golders Green. Bara ya gayyace ni bikin cikar yaron shekara 13, wanda suke kira bar mitsba. Ranar Asabar ce, tun daga ƙofa aka ce in kashe waya. Ina zaune sai aka kira yaron da sunansa da na ubansa, ya hau dandamali a tsakiyar wurin ibadar. Aka warware masa Attaura, naɗaɗɗiyar fata rubutun hannu. Babbaƙu ne zalla, ba wasali ko ɗaya, dole sai ka san karatun a ka. Ba ya taɓa rubutun da yatsa, wani ɗan tsinken azurfa mai siffar hannu yake bin layi da shi. Muryarsa tana rawa, ga ta ta fara fashewa irin ta ɗan balaga. Sau biyu ya yi tuntuɓe, dattijon da ke gefensa ya ɗora shi, kamar dai yadda alaramma ke yi wa mai jan baƙi a tafsirin azumi. Da ya kai aya, mata suka yi ta jifansa da alewa, ƙanana suka bi ƙasa suna wawaso.

Abin da ya tsaya mini a rai addu'ar uban ce. Ya miƙe ya gode wa Allah da ya sauke masa alhakin laifin wannan yaro. Daga ranar nauyinsa yana wuyansa. Sallarsu ta jam'i ba ta tsayuwa sai da maza goma, to yanzu in tara suka taru, shi ake jira.

Na tambayi uban yaushe aka faro. Ya yi dariya, ya ce tun kwana takwas, ranar kaciya. A gidajen da suka riƙe gargajiya sai yaro ya shekara 3 ake masa askin fari, a shafa zuma a kan harufan Ibrananci guda 22, ya lasa, don ya fara sanin karatu da zaƙi. Alef, bet, daga dama zuwa hagu. Ni kuwa na tuna bulalar gardi da na fara sanin alu ambaki da ita. A daren Idin Ƙetarewa, ɗaya daga manyan idodin Yahudawa, ƙaramin gida ne ke rera tambayoyi huɗu, manya su yi shiru har ya gama. Ko'ina ka duba an ajiye wa yaro aikin da in bai yi ba za a ga giɓi.

Makaranta kuma ba su yi wasa da ita ba. Makarantarsu ta Yahudawa da ake kira JFS tun 1732 take a wannan gari, boko da addini a rufi ɗaya.

Kada a ce na ga zuma ban ga harbi ba. A unguwar Stamford Hill akwai yaran Yahudawa da daga shekara 13 ake kai su makarantun addini marasa rajista, su fito Turanci da lissafi sun gagare su, har ƙaramar hukumar Hackney ta sha kokawa. Mu da muka san almajirci ba sai an yi mana bayanin inda wannan hanya ke ɓullewa ba.

Yanzu ku waiwaya. Ina yaranmu? Suna ɗakin can da wayoyi, an ce kada su dame mu. Nawa ma yana ciki. Makon jiya kakarsa ta kira daga Zariya, ya ce mata "lafiya lau" sau uku, ya miƙo mini waya.

Shawarata ga kwamiti ita ce, daga taro mai zuwa yaro ne zai buɗe mana da karatu, wani ya yi maraba da baƙi da Hausa, ko da gurguwa ce, kada wanda ya yi dariya. Wanda ya haddace izu, a yi masa walima a nan gaban kowa, a kira shi da sunan ubansa. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, na riga na rubuta nawa biyu. Alewar kuma ni zan saya.

Wassalamu alaikum.