Fodkas: Ƙwayoyin cutar teku da dangantakarsu da kwalara a Maradi

Malama Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau ni da Malam Isufu za mu tattauna kan bakteriya masu haddasa cuta da ke rayuwa a teku, da yadda masana ke rarraba su. Malam, mu da muke Maradi nesa da teku, ina ruwanmu da wannan batu?

Malam Isufu: Da ruwanmu ƙwarai, Malama, domin ƙwayar kwalara, wadda ta addabi Madarunfa a shekarar 2018, asalin mazauninta gaɓar teku ne da bakin koguna, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Sunanta Vibrio cholerae, kuma danginta ɗaya da Vibrio parahaemolyticus, wadda aka gano a Japan a 1950 bayan mutane sun kwanta ciwo sakamakon cin ƙananan kifaye, da Vibrio vulnificus, mai shiga jiki ta rauni.

Malama Hadiza: To, yaya ake bambance su, alhali ido ba ya ganinsu?

Malam Isufu: Ana farawa da rina ƙwayoyin ta hanyar da wani masanin kimiyya, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884. Dangin Vibrio ba sa riƙe launin shunayya na wannan rini, sai jan launin da ake ƙarawa daga baya, don haka suna fitowa ja-ja a madubin likita, a lanƙwashe kamar waƙafi. Daga nan sai a shuka su a faranti mai abincin da ake kira TCBS, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Da safe ƙwayar kwalara ta tsiro rawaya saboda tana sarrafa sukarin da ke ciki, ita kuwa parahaemolyticus ta tsiro kore. Gwajin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na gishiri: ƴan'uwanta biyun nan ba sa girma sai da shi, amma ƙwayar kwalara tana girma ko ba a zuba ba, kuma wannan ne ya ba ta damar zama cikin ruwan gulbi da rijiya.

Malama Hadiza: Ke nan duk inda aka same ta a ruwa, annoba ta shigo?

Malam Isufu: A'a, kuma a nan rarrabawar ke da amfani. Vibrio cholerae tana da rukunoni fiye da 200, amma biyu kaɗai ke ta da annoba, wato O1 da O139. Nau'in El Tor na rukunin O1 ne ya taso daga Indonesiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma a 1970. Shi ya sa idan amai da gudawa suka ɓarke, ake tura samfuri cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai domin a tabbatar ko rukunin O1 ne.